Askin reza da kumfa ga sabon shiga: wace reza zaka saya, kuma yaya zaka riƙe hannunka

Ƙanina ne ya sa na zauna rubuta wannan abu. Ya samu aikin da dole fuska ta zama tas kullum, ba gemu ba saje, sati uku kacal da farawa wuyansa ya koma kamar an watsa masa gero, ƙuraje ne ƙanana ƙanana wasu har sun fara baƙi. Ya zo gida ran Asabar yana cewa "Yaya ni fa fatata ce bata son aski." Na ce ɗauko min abin da kake askin dashi. Sai ga shebin sitik na roba mai reza uku a jere wanda ya kai wata guda a hannunsa, kuma wai da sabulun wanka yake yi, da ruwan famfo na asubar Jos da ko alwala sai ka yi shahada, a tsaye cikin minti biyu, yana ja daga maƙogwaro zuwa sama yana dannawa kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. Na ce toh ai fatar taka ma ta yi haƙuri da kai.

Abin da na koya masa shi zan faɗa a nan, don na san ba shi kaɗai bane. Askin ruwa da sabulu ba baƙon abu bane a wajenmu, duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya san kafin ya ciro aska daga zabira sai ya jiƙa kan ya murza ya murza har ka fara gyangyaɗi, askar ma idan ta zo da kyar zaka ji tana tafiya. Abin da ya bambanta kawai mu reza mai kaifi biyu zamu sa a cikin gidanta na ƙarfe, wannan da kakanninmu ma'aikatan kuza da na reluwe suke ajiyewa a kwaba. Wani Ba'amurke King Gillette ne ya yi rajistar ƙirar a 1904, kuma har yau girman rezar ɗaya ne duk duniya, wato kowace reza mai kaifi biyu ka saya a tireda zata shiga kowane gidan reza, na Jamus ne ko na Indiya ko na Chana. Wannan kaɗai ya isa dalilin da yasa na koma kanta, babu kamfanin da zai ɗaure ka da kan da sai nasa ne zai shiga.

Amma babban dalili gashinmu ne. Gashin baƙar fata a murɗe yake fitowa, idan ka yanke shi ƙasa sosai bakinsa ya zama tsini kamar allura, yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fatar, ko ma ya kasa fitowa gaba ɗaya ya kwanta a ciki, jiki ya ɗauke shi a matsayin ƙaya ya kumbura wajen. Shi ne ƙurajen aski, ba datti bane kuma ba ciwon sanyi bane kamar yanda wasu masu magani a mota suke faɗa. Su masu reza uku ko biyar a jere an ƙera su ne ta farko ta ɗan jawo gashin ta bayanta ta yanke, gashin ya koma ƙarƙashin fata. Ga mai gashi miƙaƙƙe wannan santsi ne, ga ni da kai masifa ce. Reza ɗaya tana yanke shi ne daidai saman fata ta wuce. Saboda haka tun yanzu ka cire wa ranka maganar fuska ta yi sumul kamar ta jariri, abin da muke nema fuskar da in an kalla an ga tsaf, ko da kai in ka shafa sama kana jin ɗan kaushi.

Gidan reza tukuna

Kala biyu zaka fi gani. Akwai mai gida uku, ka kwance ƙotar kan ya rabu biyu ka sa reza a tsakani ka ɗaure, akwai kuma wanda kake murɗa gindinsa kan ya buɗe kamar fukafukin malam buɗe littafi. Ni na fi son mai gida uku don babu abin lalacewa a jikinsa kuma wanke shi sauƙi. Ka duba ƙarƙashin bakin rezar, in ƙarfe ne miƙaƙƙe a shafe shi ne na sabon shiga, in haƙora ne kamar matajin kai ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Sunayen da suka yi fice wajen laushi su ne Merkur 34C na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Ingila, sai Parker na Indiya mai ɗan sauƙin kuɗi, amma waɗannan sai dai oda ta intanet ko saƙo a hannun mai zuwa Abuja ko Legas, kuma da yanda dala take ba kowa zai iya ba. Mai araha na shagunan kayan kwalliya a kasuwar Terminus ta nan Jos ma yana aski, sharaɗi ɗaya ne, ka sa reza a ciki tun a shagon ka ɗaure ka kalle shi ta sama a wajen haske. Bakin rezar ya leƙo daidai wa daida ta gefe biyun, kuma ya miƙe bai karkace ba. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ko ka girgiza ka ji tana motsi a ciki, ajiye musu kayansu. Na taɓa sayen irin wannan don ganin araha, gefe ɗaya baya cin komai ɗayan gefen kuma yanka yake kamar wuƙar mahauci, sati biyu ina zargin kaina ashe ƙarfen ne a karkace.

Kuma don Allah kar ka kwaikwayi masu shagon aski da suke karya reza biyu su riƙe da yatsa suna gyaran layi. Su shekaru suka yi suna yi, kuma a fuskar wani suke yi suna kallon abin da kyau, kai a madubi kake gani komai a juye.

Sai ita rezar

A nan mutane suka fi ɓata lokaci da kuɗi. Zaka ji wani ya rantse da Allah babu kamar wannan, wani ya ce wannan ɗin ce ta yayyanka shi, kuma duk gaskiya suke faɗa don gashi da fata da gidan rezar kowa daban. Abin da ya kamata ka sani kaɗan ne. Na farko ka duba kwalin ka ga an rubuta stainless, wato ƙarfen da baya tsatsa da wuri. Kafin 1962 da kamfanin Wilkinson Sword ya fito da irin wannan, reza kwana ɗaya biyu take ta yi tsatsa, kuma har yanzu ana yin irin ta da ɗin, baƙa ko mai shuɗi shuɗi, wadda in ka barta da danshi zuwa gobe ta yi ja. Inda kaga an rubuta platinum ko chrome, wani shafe ne siriri aka yi wa bakin don ya daɗe kuma ya riƙa zamewa, ba wai rezar ce ta zinariya ba.

Tiger da Nacet mai hoton kada su muka taso muka gani, da su aka feƙe mana fensir aka yanke mana farce. Bayan su akwai Super-Max ta Indiya, Dorco ta Koriya, Shark da Lord na Masar, Treet ta Pakistan, Derby ta Turkiyya, Astra mai koren kwali, sai Feather ta Japan. In za a jera su, Feather ce a can ƙarshen kaifi, kowa ya yarda da wannan, bata yafe kuskure ko kaɗan, ka ɗan danna ko ka ja ta a karkace sai jini. Derby kuma a ɗaya ƙarshen take, mai laushi ce, shi yasa ake yawan cewa sabon shiga ya fara da ita. Toh ni a nan ban yarda da wannan shawarar ɗari bisa ɗari ba. Wanda gashinsa yake da kauri a murɗe irin na yawancinmu, reza mai laushi sosai jan gashin take maimakon ta yanke, kai kuma da ka ji tana ja sai hannunka ya danna ba tare da ka sani ba, ka maimaita waje ɗaya sau huɗu, ƙarshe zafin da kake gudu shi zaka samu. Gara ta tsakiya, irin su Astra ko Nacet ko Shark, masu kaifin da zai yanke a ja ɗaya amma ba irin na Feather ba. In gashinka sabon tsiro ne mai laushi, ɗan saurayi da gemun bai gama haɗewa ba, Derby ko Dorco sun ishe ka.

Kar ka sayi katon mai ɗari tun farko ko da an yi maka ragi. Sayi ƙaramin kwali mai biyar ko goma kala uku, ka zaɓi ɗaya ka ajiye sauran a durowa, ka yi wata guda cur da wannan ɗayar. Dalili shi ne a watan farko duk abin da ya same ka hannunka ne ba reza ba, in kana canza reza duk aski ba zaka taɓa gane wanne ne mai laifin ba. Bayan wata, ranar da kaga ka yi aski uku a jere babu jini babu raɗaɗi, sannan ka sa kala ta biyu, sabulu ɗaya gidan reza ɗaya komai ɗaya, a lokacin ne fuskarka zata gaya maka bambancin. Kuma kar ka yanke wa kala hukunci da reza ɗaya, a kowane kwali ana iya samun guda da ta fito ba daidai ba, gwada biyu ko uku.

Jabu ma akwai shi a kasuwa kamar yanda yake a komai. In rubutun kwalin ya yi dishi dishi, ko takardar da aka naɗe rezar ta yi laushi kamar ta sha ruwa, ko kaga ɗigon tsatsa a baki, bar ta. Tiredar da reza ta shekara a rana da ƙura ma ba wajen saye bane, nemi inda kaya ke tafiya, inda masu shagon aski suke sara.

Sau nawa reza ɗaya zata yi? Yawanci uku zuwa biyar, mai gashi irin waya biyu zuwa uku. Ni a na uku nake jefarwa ko da tana ci, don kuɗin reza ɗaya bai kai kuɗin maganin ƙuraje ba. Alamar ta mutu shi ne ka ji tana fizgar gashi a inda jiya take wucewa shiru.

Jiƙa gashi, wanda shi ne rabin aikin

Busasshen gashin gemu tauri gare shi sosai, amma yana shan ruwa, in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi. Mafi sauƙi ka yi aski bayan wanka da ruwan zafi. In ba wanka zaka yi ba, wanke fuska da sabulu don maiƙon ya fita, ka tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi ka ɗora a fuska da wuya ka ƙirga minti biyu na gaske, ba na mai sauri ba. A garin nan da muke sama da mita 1,200 a kan tudu, daga Disamba zuwa Janairu ruwan da ka zuba a kofi kafin ka gama haɗa kumfa ya huce, don haka ni da dare nake cika filas in ajiye, ko an ɗauke wuta ko gas ya ƙare ina da ruwan aski. Ɗumi fa na ce, ba tafasasshe ba, ruwan da ya yi zafi da yawa busar da fata yake kuma hunturu ya riga ya gama da ita. In gemun ya yi tsawo fiye da na kwana huɗu biyar, fara rage shi da kilifa, reza bata son daji.

Kafin ka sa kumfa ɗauki tsohon buroshin haƙori mai laushi, wanda ka ware don wannan, ka ɗan goga wuya da muƙamuƙi a zagaye a hankali. Yana tayar da gashin da ya fara lanƙwasa zai shiga fata.

Kumfa kuma ba ado bace, ita ce ke riƙe ruwa a jikin gashi kuma take sa ƙarfe ya zame. Sabulun wanka kumfarsa bushewa take kafin ka gama kunci ɗaya. Nemi kirim ɗin aski na tub irin Palmolive, ko sabulun aski irin Arko na Turkiyya da yake zuwa kamar sanda kana goga shi a gemu kai tsaye, in aljihu da nauyi akwai Proraso na Italiya. Buroshin aski kuma ka lura, da yawa daga na gargajiyar Turawa da gashin alade ake yinsu, wasu da gashin wata dabbar daji, in kaga an rubuta boar ko bristle toh na alade ne. Sayi na roba da aka rubuta synthetic, hankalinka kwance, ga shi ya fi saurin bushewa kuma baya buƙatar a jiƙa shi ya daɗe. Ka jiƙa buroshin ka yarfe, ka sa kirim kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ka riƙa juyawa a fuska kana ɗiga ruwa kaɗan kaɗan da yatsa. Abin da kake nema kumfa mai sheƙi mai kauri kamar kindirmo, ba mai manyan ƙwai kamar ta omo ba, ba kuma busasshiya kamar fenti ba. Sababbin shiga kusan duka ruwa suke ragewa. In ruwan rijiyarku ko burtsatse irin wanda sabulu baya kumfa a ciki ne, gwada da ruwan leda ɗaya ka ɗumama, zaka sha mamaki. Ba ka da buroshi? Tafin hannu ma yana yi, ka dai murza sosai irin na wanzamai.

Karanta fuskarka

Wannan kar ka tsallake shi. Bar gemun ya kwana biyu, ka tsaya gaban madubi ka riƙa shafawa da yatsa ta kowace fuska. Inda yatsa ya wuce sumul nan ne kwanciyar gashin, inda ya yi karo da kaushi ka saɓa mata. A kumatu yawanci ƙasa yake kwanciya, amma wuya shi ne ɗan rigima, a wajen mutane da yawa gashin ƙasan wuya sama yake kallo, na gefen maƙogwaro ya tafi a gicciye, wani wajen ma ya yi zagaye kamar cibiyar kai. Shi ƙanin nawa da muka duba, gefen hagu na wuyansa kunne yake nufa na dama kuma ƙasa, shi kuwa duk hanya ɗaya yake bi musu. In zaka manta zana fuska a takarda ka sa kibiyoyi ka liƙa a gefen madubi, ba abin kunya bane.

Yanzu riƙon

Gidan reza bashi da kai mai lanƙwasa kamar na roba, kai ne zaka nemo kusurwar. Ɗora saman kan a kumatunka ƙotar tana kallon waje, daidai kamar ka kafa ta a fuska, sai ka riƙa sauke ƙotar ƙasa a hankali kana ɗan ja har ka ji bakin ya fara cin gashi. Nan ne wajen, kusan digiri 30 tsakanin reza da fata, amma ba sai ka nemo abin awo ba, kunnenka zai gaya maka, akwai wani ɗan ƙara ƙyas ƙyas da take yi in tana yanka daidai. Kashe rediyo da famfo ka saurara. In ka sauke ƙotar da yawa har ta kusa kwanciya a fuska, kankara kake ba yanka ba, shi ne raɗaɗin nan da ke biyo baya.

Sai maganar da zan maimaita har ka gaji, kar ka danna. Shekarun da ka yi da shebin sitik sun koya wa hannunka dannawa don shi bashi da nauyi, wannan kuwa ƙarfe ne nauyinsa ya isa. Riƙe ƙotar da yatsu uku can wajen ƙarshenta, sakwa sakwa, kamar in an ɗan taɓa hannunka zata faɗi. Ka ɗauka kumfar kawai kake son sharewa daga fuska ba gashi ba. In ka kalli madubi kaga fata ta lotsa a ƙarƙashin reza, ka danna. Ja gajere gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, wuyan hannu a tsaye, dukkan hannun ne ke tafiya, kuma miƙe take tafiya kullum, kar ka taɓa zamar da ita ta gefe a tsawon bakinta don wannan shi ne yanka irin na tsaga. Bayan ja biyu uku ka juya ɗaya bakin, sannan ka ɗauraye a kofi.

Zagayen farko bi kwanciyar gashi kawai. Fara da kumatu inda yake fili, sai wuya, ka bar haɓa da gashin baki ƙarshe don sun fi tauri gara su daɗe a cikin kumfa. Inda ka wuce babu sauran kumfa kar ka koma, ko kaga gashi ya rage. Wannan komawar a busasshe ita ce ta fi komai jawo ja da zafi. Ka gama, shafa ruwa, sake sa kumfa, sannan in kana so ka yi zagaye na biyu. A sati biyun farko na biyun ma bin kwanciya zaka sake yi. Daga baya a kumatu da haɓa zaka iya yin gicciye, wato daga kunne zuwa hanci, amma wuya ka bar shi a bin kwanciya har abada in kai mai ƙuraje ne. Saɓa wa kwanciya kuwa, wanda zaka ga Turawa a bidiyo suna yi a zagaye na uku suna shafa fuska suna murmushi, ba namu bane. Haka jan fata da yatsa a miƙar da ita tamau, wanzami yana yi a kai, amma a wuyan mai murɗaɗɗen gashi yana sa a yanke gashin ƙasa da fata, da ka saki sai ya nutse. Ɗan ɗaga haɓa kaɗan ya isa, kar ka miƙe wuya kamar zakara zai yi cara.

Maƙogwaro aski ne ya zo gaban goshi. Kar ka bi ta kan ƙashin, ka ɗan tura fatar gefe da yatsa ka aske ta a inda yake kwance, ko ka haɗiye yawu ka riƙe na daƙiƙa biyu ƙashin ya hau sama ka wuce. Ƙarƙashin hanci ka ɗan ture hancin sama, leɓen ƙasa kuma ka tura harshe ta ciki wajen ya cika. Masu gemu da gyaran gefe kawai suke da ƙasan wuya, duk wannan ya shafe ku, sai dai ku share kumfar da yatsa a kan layin don ku ga inda zaku tsaya. Askin kai ƙwal da sauran wuraren da ake tsaftacewa, bari sai ka yi wata biyu a fuska, inda ido baya gani ba wajen koyo bane.

Ka ba kanka minti 15 zuwa 20 a farko. Kar ranar farko ta zama safiyar Litinin kana jin hon ɗin mai keke a waje, ko Juma'a ana gab da shiga huɗuba, ko ranar ɗaurin aurenka. Daren Asabar ya fi.

Bayan an gama

Ɗauraye da ruwan ɗumi kumfa ta fita duka, sannan ruwan sanyi, wanda a Jos kam kyauta ne. Sai alif, wasu su ce alam, wannan farin dutsen da ake sa wa ruwa ya kwanta, ana samunsa wajen masu kayan ƙoli. Nemi dunƙule mai santsi ka goge kaifin gefensa, ka jiƙa ka shafa a hankali. Yana tsayar da ɗan jinin ƙananan yanka, kuma malami ne, duk inda ya yi maka zafi sosai nan ne ka danna ko ka maimaita, gobe ka kiyaye wajen. Bar shi kamar rabin minti ka wanke, in ka barshi yana busar da fata. Sifirit da masu shago suke fesawa da turaren bayan aski mai yawan alkohol, a lokacin hunturu ni ban ga amfaninsu ba sai ƙara bushewa, ɗan man kaɗanya kaɗan ka narkar a tafin hannu ya fi, kaɗan fa, ba ka yi ta ƙyalli kamar ƙosai ba. In yanka ya ɗan yi zurfi danna da tsumma mai tsabta minti biyu ba tare da kana ɗagawa kana leƙe ba.

Gidan rezar ka ɗan sassauta shi ka ɗauraye ka yarfe, ka ajiye inda iska ke shiga ba cikin banɗaki mai danshi ba. Kar ka goge bakin reza da tawul, shafen bakin kake cirewa kuma yatsanka na kusa. Kuma reza ta mutum ɗaya ce, ko ɗan uwanka ciki ɗaya kar ku haɗa, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, jinin da ido ma baya gani.

In ƙurajen sun riga sun fito kamar na ƙanina, babu rezar da zata gyara su tana bi ta kansu. A daina aski sati uku zuwa huɗu in wajen aiki zasu yarda, in ba zasu yarda ba a riƙa ragewa da kilifa ana barin ɗan tsiro, kullum a gasa da tawul mai ɗumi a goga buroshin nan. Gashin da kaga ya yi lanƙwasa kansa ya shiga fata, ɗago bakinsa kawai da tsinke mai tsabta ka bar shi a waje, kar ka tuge shi, in ka tuge sabon da zai fito a ciki zai maƙale. Man birki da man juye da wasu ke shafawa ƙona fata suke, haɗe haɗen kirim na kemis masu saurin aiki kuma da yawansu akwai sitiroyid a ciki, in ka daɗe kana shafawa wajen ya yi fari fatar ta yi siriri. In ƙurajen suna ruwa, ko sun fara tauri suna haɗewa musamman a ƙeya, wannan ya wuce maganar reza, je ka ga likitan fata, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH, na nan Lamingo. Da fuska ta lafa sai a dawo aski duk bayan kwana biyu ko uku, kar a bari ya yi tsawon da zai fara lanƙwasa kuma kar a bi shi kullum.

Tsohuwar reza kuma don girman Allah kar a jefa ta a shara haka tsirara, yara suna wasa a bola, ƴan bola jari da hannu suke tonawa, awaki ma suna kiwo a wajen. Samu gwangwanin madara na ruwa wanda aka huda aka tsiyaye, ka faɗaɗa hudar da wuƙa ta zama tsaga daidai shigar reza, ka wanke ka bari ya bushe, duk wadda ta mutu ka zura ta ciki, ka ɗora shi can saman kwaba inda hannun yaro baya kaiwa. Nawa ya fi shekara biyu bai cika ba. In ya cika ka buga bakin da dutse ya rufe ka miƙa wa masu sayen ƙarfe, ka gaya musu abin da ke ciki.